Ƙanina, Kada Ka Ce Kanka Ba Ya Ja

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin ƙannenmu, kuma duk sanda na ji ta sai raina ya sosu: "Ni kaina ba ya ja." Yaro ya zauna da littafi, ya karanta shafi ɗaya sau biyar, ya ja layi a ƙarƙashin kusan kowace jimla, ya rufe. Washegari a tambaye shi, ya lalubo ya rasa. Abokinsa kuwa sau ɗaya ya ji bayanin malami ya riƙe. Shi ke nan sai ya yanke wa kansa hukuncin daƙiƙanci, ya daina ɗaga hannu a aji, ya koma kujerar baya. Ƙanina, ƙanwata, da ku nake.

Ba zan rufe ku ba, mutane sun bambanta. Gado yana da nasa rabon, haka lafiyar ƙuruciya da irin karatun da mutum ya taso a ciki. Sai dai abin da kuke kira "kai mai ja" ba abu ɗaya ba ne dunƙule.

A 1953 aka yi wa wani matashi ɗan Amurka mai suna Henry Molaison tiyata saboda farfaɗiya, yana ɗan shekara 27. Aka cire masa wani sashe a ɓangarorin ƙwaƙwalwarsa biyu, har da mafi yawan wurin da ake kira hifokamfas. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar ya daina riƙe sabon abu. Mutum zai shigo su gaisa su yi hira, ya fita na ɗan lokaci, in ya dawo ya zama baƙo. Duk da haka, da aka gwada basirarsa sai aka tarar tana nan yadda take. Wata masaniya, Brenda Milner, ta sa shi bin layin hoton tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi. Kullum hannun yana ƙara faɗawa, shi kuwa bai tuna ya taɓa yin aikin ba. Wato riƙe bayani daban, fahimta daban, ƙwarewar hannu daban, kowanne da hanyarsa a cikin kai. To kai da ka manta darasin jiya, wa ya ce maka basira ce ba ka da ita?

Ita ma haddar tana ginuwa. Direban baƙar tasi a Landan ba ya samun lasisi sai ya haddace tituna kimanin 25,000, abin da kan ci shekara uku zuwa huɗu. A shekarar 2000, wata masaniya mai suna Eleanor Maguire da abokan aikinta suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar waɗannan direbobi, suka ga ɓangaren baya na hifokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma. Za ka iya cewa ai dama haka aka haife su. Shi ya sa aka sake bin masu koyon aikin tun daga farawarsu, kuma a 2011 aka bayyana cewa waɗanda suka jure har suka ci jarrabawar, wurin ya ƙaru a kansu. Ita dai Maguire ta binciki zakarun gasar hadda ta duniya, ba ta samu ƙirar ƙwaƙwalwarsu ta bambanta da ta kowa ba. Dabara ce da su: sukan ajiye abin da za su haddace a wurare daban-daban na wata hanya da suka sani a zuci, in an tambaye su sai su bi hanyar suna kwasowa.

Gajiyar da kake ji in ka fara sabon darasi, kada ta tsorata ka. Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na kuzarinsa. A 1992 wani masani mai suna Richard Haier ya auna yawan sukarin da ƙwaƙwalwa ke ƙonawa a lokacin da mutane suke koyon wani wasan kwamfuta da ake kira Tetris. Da farko tana ci da yawa. Bayan makonni ana yi, sun ƙware sosai, cin sukarin kuma ya ragu. Wanda kake gani yana warware lissafi kamar wasa, sau da yawa ya riga ka shan wannan wahalar ne a inda ba ka gani ba.

Inda nake ganin laifinku shi ne yadda kuke karatun. Tun 1885 wani masani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, daga baya ta lafa, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya. Ku kuwa sai daren jarrabawa za ku kwana ido biyu, alhali a cikin barci ƙwaƙwalwa take daddale abin da ta ɗauka da rana. Ga waya a gefen littafi, tana haske kana leƙawa. Abubuwan da hankali ke iya riƙewa a lokaci guda 'yan kaɗan ne, wasu masana sun ce kusan huɗu, kai kuma ka raba su da saƙonni. Maimaita karanta shafi yana sa ka saba da ganinsa har ka zaci ka iya. Rufe littafin ka faɗi abin da ke ciki da bakinka, ko ka rubuta a takarda. Inda ka cije, buɗe ka duba, gobe ka sake, bayan kwana uku ka kuma.

Ku kuma da Allah ya ba saurin ɗauka, ku kiyayi bakinku a kan 'yan uwanku. Kalmar "dolo" da kuke jefawa cikin raha, wani da ita zai kwana, wani da ita zai bar makaranta. Alfred Binet, wanda ya fito da gwajin basira a Faransa a 1905, ya yi shi ne don a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta, kuma ya fito fili ya ƙi yarda da masu cewa basirar yaro tsayayyiya ce ba ta ƙaruwa. In ka riga abokinka ganewa, ja kujera kusa da shi, ka sa shi ya yi maka bayanin da kansa, ka gyara masa inda ya kauce.