Waƙar R.E.M. da ake zaton ta barin addini ce

Duk wanda ya ji sunan waƙar "Losing My Religion" (wato "ina rasa addinina") ta ƙungiyar mawaƙa ta R.E.M., abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne mawaƙin yana shelar fita daga addininsa. Sam ba haka ba ne.

An kafa ƙungiyar ne a garin Athens na jihar Jojiya, a kudancin Amurka. A bakin mutanen can, idan mutum ya ce zai rasa addininsa, yana nufin haƙurinsa ya ƙare, tura ta kai bango. Mu ma muna cewa wane ba shi da imani, alhali rashin tausayi muke nufi, ba ridda ba. Mai rera waƙar, Michael Stipe, ya bayyana cewa waƙar soyayya ce: mutum ne so ya kama, ya kasa furtawa, yana ta wasiwasi ko ya yi suɓul da baka.

A ganina bidiyon ne ya ƙara dagula lissafi. Tarsem Singh, wanda ya shirya shi a 1991, ya cika shi da mutane masu fukafukan mala'iku, ga wani ɗaure an soke shi da kibau kamar waliyyin Kirista Sebastiyan, a salon zanen Caravaggio na Italiya. Wanda ya ga wannan, ya haɗa da sunan waƙar, ai dole ya ɗauka wa'azi ne ko saɓo. A shekarar ce tashar talabijin ta waƙoƙi, MTV, ta ba bidiyon kyautar gwarzon bidiyo.