Ba Sojoji Ne Suka Kafa Arsenal Ba

A gidajen kallon ƙwallo ana yawan cewa sojojin Ingila ne suka kafa ƙungiyar Arsenal, kuma maganar ta yaɗu har ta fara damuna. Masu faɗin haka suna da madogara, domin akwai igwa a tambarin ƙungiyar, ga kuma laƙabin Gunners, wato masu harba igwa, da ake yi mata.

Sai dai waɗanda suka kafa ta a shekarar 1886 fararen hula ne, ma'aikatan masana'antar ƙera makamai ta Royal Arsenal da ke Woolwich, a kudu maso gabashin Landan. David Danskin, mutumin Sikotilan, shi ne ya jagoranci abokan aikinsa suka yi karo-karo suka sayi ƙwallo, sannan suka fara wasa da sunan Dial Square, wanda sunan wani sashe ne na masana'antar. Igwar tana nuni ne da sana'ar makamai ta Woolwich, kuma ƙungiyar ta ci gaba da amfani da ita bayan ta ƙaura zuwa Highbury, a arewacin Landan, a 1913.

Misalin ƙungiyar da soja suka kafa da gaske shi ne Steaua ta Romaniya, wadda hafsoshi suka assasa a 1947, kuma ta daɗe a ƙarƙashin ma'aikatar tsaron ƙasar.