Ɗaliban kasuwanci, ku daina gudun kwas ɗin ƙididdiga

Assalamu alaikum ƙannena, ɗaliban kasuwanci da na akanta, na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Al-Qalam, da na Poli ta Hassan Usman, har da na Poli ta tarayya da ke Daura. Maganata a kan kwas ɗin ƙididdiga ce, wanda da yawanku ba ku leƙa ajinsa sai jarrabawa ta matso. A kwana ana haddar fomula, a samu makin tsira, a fito a kakkaɓe hannu. Wallahi kanku kuke cuta. Kwas ne da zai bi ku har cikin shago, kuma in ba ku iya shi ba, wanda ya iya zai yi amfani da shi a kanku.

Kada wani ya ce mini mu ba mu da kan lissafi. Malam Muhammad ɗan Muhammad al-Katsinawi a ƙasar nan ya tashi, ya yi rubutu da Larabci kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Malamanmu na zaure har gobe suna rabon gado da sudusi da sumuni ba tare da kalkuleta ba. Lalaci ne kawai.

Mu fara da matsakaici, tunda shi ne abin da kowa ke ganin ya iya. A tara lambobi, a raba da adadinsu, shi ke nan. To ga misali. Mu ƙaddara shaguna 5 ne a layi ɗaya. Ribarsu a wata: na farko naira 40,000, na biyu 45,000, na uku 50,000, na huɗu 55,000, na biyar kuma babban dila ne mai sarin kaya mota-mota, ribarsa 810,000. Jimla miliyan ɗaya cif. Matsakaici naira 200,000. Yanzu sai dillali ya zo ya ce maka, "Kama shago a layin nan, matsakaicin riba dubu ɗari biyu ne." Bai yi ƙarya ba, amma ya yaudare ka, domin huɗu cikin biyar ba su ko kusanci wannan kuɗi ba. Da ka jera lambobin daga ƙarama zuwa babba ka ɗauki ta tsakiya, wato midiyan, da ka ga 50,000, kuma ita ce ta fi kama da halin da za ka tsinci kanka. Duk inda ake maganar albashi ko riba ko kuɗin haya, mutum ɗaya mai kauri yana iya janye matsakaici ya kai shi inda babu kowa. Ku riƙa tambayar ta tsakiya.

Akwai kuma lambar da ta fi yawan maimaituwa, wadda ake kira mod. Ɗalibai na raina ta don ba ta da wahalar lissafi, alhali ita mai takalma ke ci da ita. In Sallah ta matso zai tafi Kano sari, ba ruwansa da cewa matsakaicin ƙafar masu saye lamba 41 da ɗigo 3 ce, babu takalmi mai wannan lamba. Abin da yake so ya sani shi ne wace lamba ce ta fi fita bara.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici, saboda har masu digiri na yin sa, shi ne haɗa farashi biyu a raba biyu ba a duba yawan kaya ba. Ka sayi gero buhu 10 a kan 30,000, bayan mako biyu ka ƙara buhu 90 a kan 40,000. Sai ka ce ai matsakaicin sayena 35,000 ne, in na sayar a 37,000 na ci riba. Ina! Kuɗin da ka kashe 3,900,000 ne a kan buhu 100, kowane buhu ya tsaya maka a 39,000. Kana faɗuwar 2,000 a kowane buhu kana murna, ba a ma sa kuɗin mota da na 'yan dako ba. Haka lissafin kashi cikin ɗari yake. Kayan naira 100 in suka tashi da kashi 50 sun zama 150, in suka sauka da kashi 50 sun koma 75, ba su dawo 100 ba.

Sannan matsakaici ba ya gaya maka yadda lambobi suka warwatsu. Mai kantin kayan masarufi yana samun 9,000 yau, 11,000 gobe, 10,000 jibi. Mai kayan gwari yana samun 25,000 yau, gobe tumatir ya ruɓe ya tashi ba ko sisi, jibi 5,000. Dukansu matsakaicinsu 10,000 ne a rana. Amma wa za ka ba bashin da za a riƙa biya kullum? Wannan doguwar fomula ta ma'aunin warwatsuwa da kuke tsoro, wadda ake cire matsakaici daga kowace lamba, a ninka sakamakon da kansa, a tara, a raba, a ɗauki tushe, ba komai take aunawa ba sai wannan bambanci. Ana ninkawar ne don kada na sama da na ƙasa su cinye juna su ba da sifili. In ka gane haka, ba sai ka haddace ta ba.

Ku je kasuwar hatsi ta Dandume ko ta Mai'adua ku tsaya kusa da mai saye. Ba ya kwance buhu ya duba saman kawai. Ƙarfe yake soka wa buhun, sama da tsakiya da gindi, ya tara abin da ya zubo a tafin hannu, ya hura, ya duba ƙaiƙayi da tsakuwa, wani lokaci ya jefa ƙwaya biyu a baki ya ji ko ta bushe. Ya san mai algus a sama yake zuba mai kyau. Wannan shi ne ɗaukar samfur, kuma ya fi na wasunku inganci. Ɗalibi zai rubuta furojet a kan ra'ayin masu saye a Katsina, sai ya tura tambayoyi a gurup ɗin WhatsApp na 'yan ajinsu, mutum talatin su amsa, ya rubuta cewa "mutanen Katsina sun fi son kaza." Jiha ce mai ƙananan hukumomi 34, wadda ƙidayar 2006 ta ce tana da mutum sama da miliyan 5 da dubu 800. Matar aure a ƙauyen Baure da ba ta da babbar waya, ita ba mai saye ba ce?

Lambobin gwamnati ma sai an san yadda aka haɗa su. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 a Disambar 2024, sai ga shi a Janairun 2025 ta zama 24.48. Ba kaya ne suka yi araha a wata guda ba. Hukumar ce ta sauya shekarar da take gwadawa da ita daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sabunta jerin kayan da take duba farashinsu. Kuma ko da hauhawa ta ragu da gaske, ma'anarsa farashi na ci gaba da tashi, saurin ne ya ragu. Abin kunya ne ɗalibin kasuwanci ya kasa bayyana wa mahaifinsa wannan.

Sai lissafin yiwuwa. Asalinsa a Turai daga teburin caca ya fito, a wasiƙun da Blaise Pascal da Pierre de Fermat suka yi musaya a Faransa a 1654 kan yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse kafin a gama. Abin mamaki, shi ne kuma ilimin da ya fi tona asirin caca. Yiwuwar abu tana tsakanin 0 da 1. In abubuwa ba su dogara da juna ba, yiwuwar su faru gaba ɗaya ninkawa ake yi. Yaron da ke haɗa wasan ƙwallo 10 a tikiti ɗaya, ko da kowane wasa yana da tabbacin kashi 70, in ka ninka 0.7 sau goma abin da zai rage bai kai kashi 3 ba. Shi ya sa kullum labarin ɗaya ne, "wasa ɗaya ne ya yanke ni." Haramcin caca sananne ne, ba sai na tsaya a kai ba, amma ko wanda bai ji wa'azi ba ya kamata lissafi ya hana shi. Kuma kwandala ba ta da tunani. In ka jefa ta sau biyar ta faɗi a fuska ɗaya, jifa ta shida har yanzu rabi da rabi ce. Masu cewa "na daɗe ina faɗuwa, yanzu lokacina ne" su ne ke sayar da wayoyinsu.

Na ji wasu na cewa wannan shiga gaibu ne. A'a. Mai lissafin yiwuwa bai ce ya san gobe ba, cewa ya yi bai sani ba, don haka bari ya auna rashin sanin nasa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali.

Ga yadda yake aiki a kasuwa. A ce za ka kai tumatir Legas, kuma daga littafinka na baya ka ga cikin kowace tafiya goma, takwas na kawo ribar 500,000, biyu kuma mota ta lalace ko kasuwa ta cika a yi asarar 1,500,000. Ninka 500,000 da 0.8, ka samu 400,000. Ninka 1,500,000 da 0.2, ka samu 300,000. Saura 100,000, ita ce ribar da kake tsammani a kowace tafiya in za ka daɗe kana yi. Harka ce mai kyau ga mai jarin da zai jure faɗuwa biyu a jere. Ga wanda duk abin da ya mallaka miliyan ɗaya da rabi ne, kuma rabinsa kuɗin adashen mahaifiyarsa ne, faɗuwar farko ta fitar da shi daga kasuwa kafin ya ga ribar tafiye-tafiye takwas ɗin. Irin wannan ya haɗa mota da mutum uku ko huɗu, kowa ya ɗauki kason da zai iya jurewa.

Ku lura na ce "daga littafinka." Wannan 0.8 ba daga sama take faɗowa ba, daga rubutu take fitowa. Mafi yawan shagunan iyayenmu ba su da littafi sai na masu bashi. In hutu ya zo, ka sayi littafi mai layi, ko ka buɗe Excel a wayarka, ka zauna a shagon Baba ko na Kawu, ka riƙa rubuta cinikin kowace rana da abin da ya fi fita da abin da ya kwana. Ka ware ranar Juma'a da ranakun kasuwa daban, ka ware watan azumi daban, domin in ka gwamutsa su da sauran kwanaki matsakaicin da zai fito ba na kowace rana ba ne. Bayan wata biyu ka fitar da midiyan da tazarar da ke tsakanin rana mafi kyau da mafi muni, ka kai wa mai shagon ya duba ko sun yi daidai da abin da yake ɗauka a kansa.