Lallaɓawar da ta kwantar min da mota

Tunda na sayi motar nan 'yar Beljiyam, kirar 2012 mai shan gas, nake riritata kamar ƙwai a cokali. Daga gida a Mabera zuwa ofis, daga ofis zuwa makarantar yara, sai masallacin Juma'a. Ban taɓa bari allura ta wuce 50 ba, saboda tsadar dizal. Ko ƙanena ya ce in ara masa zuwa Illela, sai in ce taya ba lafiya.

Wata safiya wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a dashbod, hoton ɗan akwati mai ɗige-ɗige a ciki. Na dube ta, ta dube ni. Da ta kwana uku ba ta mutu ba, na yanko baƙin salatef na liƙe mata ido, hankalina ya kwanta.

Ranar da asiri ya tonu, Baba surukina na ɗauko zan kai shi ɗaurin aure Bodinga, ya sha babbar riga da rawani. Muna fita gari na taka totur, mota ta yi gurnani ta tsaya a 40. Na ƙara takawa har ƙafata ta taɓa ƙasa, ko gezau. Ɗan kabu-kabu ɗauke da buhu biyu na albasa ya wuce mu, har da waiwaye. Baba ya gyara rawani ya ce, "Malam Bello, wagga mota azumi take?" Na ce a'a Baba, natsuwa ce. Mun isa ana shafa fatiha.

Makanike na farko ya ce gurɓataccen gas ne, ya canza filtar mai. Na biyu ya rantse nozul ne, ya kwance ya wanke, kuɗi suka tafi, mota na nan jiya i yau. Gwaggona kuma ta ce bakin mutane ne, ta aiko da turaren hayaƙi. Allah ya gani, na turara.

Daga ƙarshe aka kai ni wurin wani yaro riwaya mai kwamfuta, wanda na girme shi da shekara ashirin. Ya soka waya ƙarƙashin sitiyari, allon ya nuna lambar matsala P2463. Kafin ya yi magana ya hango salatef ɗin, ya ɓare shi a hankali, ya ce, "Alhaji, wa ya yi wanga aiki?" Na ce yara ne.

Ya zaunar da ni a kan tsohuwar taya ya yi min karatu. Ashe cikin salansar motocin dizal na Turai, musamman daga 2009 da aka tsaurara dokar hayaƙi, akwai matata da ake kira DPF, mai ramuka kamar saƙar zuma, tana kama kunkunniyar hayaƙi. In ta taru, motar da kanta take ƙone ta, amma sai zafin salansa ya kai wajen digiri 600, shi kuwa ba ya samuwa sai an miƙe hanya ana gudu. Ni kuma kullum kafin inji ya yi ɗumi na kashe. Da matatar ta cushe, na'urar da ke auna matsin iska gabanta da bayanta ta kai ƙara wurin kwamfutar mota, ita kuma ta rage wa inji ƙarfi don kada ya hallaka kansa. Sai da ya duba siraran tiyo biyu na na'urar nan, domin a cewarsa in ɗaya ya tsage ƙarya zalla take faɗa. Nawa lafiya lau. Laifin duk na mai mota ne.

Ya fitar da ita fili nesa da ciyawa, ya ba ta umarni da kwamfuta. Inji ya ɗauki ƙara shi kaɗai kusan rabin awa, salansa na fitar da zafi da ƙauri kamar an ƙona tsumma, a ranar Sakkwato kuma, tsakar azahar. Mai shayin da ke gefe ya janye tebur. Ya gargaɗe ni in riƙa zuba baƙin man juye mai ƙarancin toka, ya kuma ce duk mako in hau babban titi in yi gudun 80 na minti talatin ba tsayawa.

Shi ya sa duk Asabar bayan la'asar nake wanka in fesa turare, in kama hanyar Tambuwal ni kaɗai. Mako na uku na dawo na tarar da Hajiya a tsakar gida, fuska ba annuri.

"Baban Ummi, wace ce a Tambuwal?"

Na ce wallahi salansa nake ƙonawa.

Ta ce, "To, Asabar mai zuwa tare za mu je in gaishe ta."