Maganin Gargajiya: Wa Ya Kamata Ya Kawo Hujja Kafin A Sha?

Tsiron da ake kira St John's wort, wanda ake sha don rage damuwa, kowa na iya sayensa a kanti a Amurka, amma a ƙasar Ayalan tun shekarar 2000 ba a bayar da shi sai da takardar likita, domin yana karya ƙarfin wasu magunguna, ciki har da ƙwayoyin tazarar haihuwa. Bambancin ya samo asali ne daga wanda doka ta ɗora wa nauyin kawo hujja.

Dokar Amurka ta 1994 ta sanya irin waɗannan kayayyaki a sahun abincin ƙarin lafiya, don haka kamfani ba ya jiran amincewar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, kafin ya shiga kasuwa, hukumar ce za ta tabbatar da illa daga baya. Shi ya sa sai a 2004, bayan an yi asarar rayuka, aka haramta ephedra, wani tsiro da ake sha don rage ƙiba. A ganina wannan tsari ya mayar da mai saye abin gwaji.

Tarayyar Turai ta bi wata hanya a dokarta ta 2004: ana yi wa magani rajista idan an shekara 30 ana amfani da shi, aƙalla 15 daga ciki a ƙasashen tarayyar, tare da cika sharuɗɗan inganci wajen haɗawa. Sharaɗin ingancin shi ne mafi muhimmanci, domin daɗewa ana shan abu tana tona gubar da ke kayar da mutum nan take, amma ba ta tona wadda ke cin ƙoda a hankali. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam sun kamu da ciwon ƙoda bayan shan ƙwayoyin rage ƙiba da aka sa tsiron aristolochia a ciki a madadin wani tsiro, alhali an yi ɗaruruwan shekaru ana magani da shi a sassan duniya ba a gane haɗarinsa ba.

Japan ta nuna cewa tsaurara doka ba ta kashe gadon kakanni: likitoci ne ke rubuta magungunan gargajiyar ƙasar da ake kira kampo, kuma inshorar lafiya ta ƙasa tana biyan kuɗin haɗi 148 da aka daidaita ma'auninsu.

A Najeriya, lambar NAFDAC mai ɗauke da harafin L tana nufin an duba cewa maganin ba ya cutarwa ne kawai, ba a tabbatar yana warkarwa ba. Matakin farko ne mai kyau, sai dai mai saye yakan ɗauki lambar a matsayin shaidar waraka, mai talla kuma ba ya gyara masa fahimta. Ya kamata a tilasta rubuta wannan bambanci ɓaro-ɓaro a gaban kwalba da harshen da mai saye ke karantawa, a kuma karanta shi cikin kowace tallar rediyo.