Ranar da rijiyar mai ta fashe a zauren gidanmu

Na dawo hutu, ranar Juma'a ce muna zaune a zaure, Kawu ya sha farar shadda ta sha guga sai ƙyalli take, yana jiran lokacin masallaci, kawai sai ya juyo ya ce, "Kai injiniya, wannan man na Kolmani da Buhari ya je ya ƙaddamar a 2022, wai kogi ne a ƙarƙashin ƙasa ko tafki?"

Nan fa kaina ya kumbura. Na ce Kawu ai ba kogi ba tafki, man yana maƙale ne a 'yan ƙananan ƙofofin dutse kamar ruwa a cikin soso, kuma tun 1856 wani Bafaranshe mai suna Darcy ya fitar da lissafin yadda ruwa ke ratsa yashi, lissafin da har yau yake hana mu barci lokacin jarabawa. Kawu ya gyaɗa kai. Wallahi da a nan na tsaya da na tashi da mutuncina.

Amma ina, bakina ya riga ya buɗe. Na shiga bayanin gas, na ce can ƙasa matsi ya yi yawa har gas ɗin ya narke a cikin mai ba ka ganinsa, sai matsin ya sauka zuwa wani mataki sannan kumfar farko ta ɓullo, daga nan man ya fara tsukewa, shi ya sa ganga guda da ake gani a tanki can ƙasa ta fi haka yawa. Na ga kamar bai gane ba, sai na aiki ƙanena ya sayo Coca-Cola ta gora. Yaron nan ashe da gudu ya dawo, ni kuma don neman suna na ƙara jijjiga ta wai a samu firesha.

A ɗakin gwaji a hankali ake sauke matsi, kaɗan-kaɗan ana rubutawa. Ni ko na murɗe murfin gaba ɗaya.

Fuuu! Shadda, hula, carbi, har gemu.

Zauren ya yi tsit, sai ƙarar kumfa a kan tabarma. Kawu ya cire hula ya duba, ya share gemu, ya ce, "To ɗan nan, wanne ne wannan ɗin, man ko gas ɗin?"

Da tsohuwar jallabiyar Baba ya tafi masallaci, wadda ta tsaya masa a ƙwauri. Ni kuma bayan an sauko na zauna gaban baho da Omo, Inna tana wucewa tana cewa sannu da aiki Kolmani.