Jami'in bincike ya tambayi lauya sunan wanda ya ɗauke shi aiki: ya faɗa ko ya yi shiru?

Jama'a da yawa sun ɗauka duk abin da ya shiga ofishin lauya ya shiga rijiya. Ba haka ba ne. Sashe na 192 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya hana lauya bayyana maganar da wanda yake wakilta ya gaya masa saboda aikin, da abin da ke cikin takardun da ya gani, da shawarar da ya bayar, sai da yardar mai shi ƙarara. Hanin yana nan ko bayan an rabu, kuma sashe na 193 ya haɗa da akawun lauya da tafinta. To amma ku lura, magana aka kare. Suna kuwa, a mafi yawan lokuta, ba magana ba ce. Lauyan da ya tashi a kotu ai da bakinsa yake sanar da wanda ya zo domin sa.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da sunan da kansa zai tona maganar. Direba ya buge mutum da dare ya gudu, da safe ya je wurin lauya yana neman shawarar yadda zai miƙa kansa. 'Yan sanda sun san an yi haɗarin, sun ji wani ya zo, suna kawai suka rasa. A nan faɗin sunan daidai yake da faɗin "ni ne na buge shi". Ni dai ina ganin lauyan da ya furta sunan nan ba tare da umarnin kotu ba ya ci amana, kuma ya koya wa na gaba kada ya kuskura ya nemi shawara.

Abin da ya kamata lauya ya yi ba ɓoyayye ba ne. Kada ya amsa ta waya. Ya nemi a rubuto buƙatar, da sashen dokar da aka dogara da shi. Ya sanar da wanda yake wakilta, domin haƙƙin sirrin nasa ne, shi kaɗai ke iya yafe shi, kuma yardar ta kasance a rubuce. In an matsa, a je gaban alƙali ya raba gardama. Kada ya yi ƙarya ko ya ɓatar da fayil, wannan laifi ne mai zaman kansa.

Kariyar tana faɗuwa a wuri biyu da sashen ya ambata: maganar da aka yi don cim ma haramtacciyar manufa, da abin da lauya ya gani da idonsa na laifi ko zamba da aka aikata bayan an ɗauke shi aiki. Wanda ya zo a saya masa gida a Maitama da kuɗin sata, a ɓoye sunansa bayan kamfani, ba shawara ya zo nema ba.

Kan wannan gaɓar aka daɗe ana ja-in-ja. A 2014 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba ƙungiyar lauyoyi ta NBA gaskiya a ƙarar da ta kai kan tilasta wa lauyoyi rajista da SCUML, sashen gwamnati mai yaƙi da halasta kuɗin haram, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2017, sai dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta sake sako lauyoyi ciki. Wani kuskure da ƙananan ofisoshi kan yi shi ne haɗa takardun shawara da na cinikin fili da rasitan kuɗi a fayil guda. Ranar da EFCC ta zo da sammacin bincike, ba mai tsayawa ya tace, gaba ɗaya ake kwashewa.